Jarkokin Harisu

Daura.

Zuwa ga Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya jikin Siddiƙa? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, mijina Harisu ya jawo mini magana a unguwa. Kin san kamfaninsu na gyaran hanya wajen Baure. Wai yanzu sun daina zubar da tsohuwar kwaltar da suka kankare. In ta tsufa bushewa take yi ta tsattsage, amma in aka tace man da aka gama suya da shi aka zuba mata kaɗan, sai ta yi laushi a sake shimfiɗa ta. Shi aka ɗora wa gwajin. Shi ke nan, injiniya guda ya ɗauki jarka ya shiga bin masu ƙosai da awara. Har wurin Madam Perpetua mai soya kifi ya je.

Zaurenmu ya cika da jarkoki. Matan unguwa sun gama yanke hukunci: an kore shi daga aiki, da baƙin mai nake miya. Jiya Nana maƙwabciyata ta aiko mini da kwalbar man gyaɗa, wai in yi haƙuri. Maganar ta kai garinmu Babban Mutum, Baba ya ce yana tafe, in gaskiya ne zai tafi da ni gida. Na yi masa bayani a waya, ya ce asirin miji nake rufewa. Wallahi ina tsoro.

Taki,
Haulatu.

Zuwa ga Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya.

Baba ya zo da buhun gero, fuska a murtuke. Harisu ya durƙusa ya yi bayani, Baba ya ce tunda yake bai taɓa jin hanya ta sha man ƙosai ba. Sai Harisu ya kai shi wurin aikin. Ya ga tsohuwar kwalta tana marmashewa a hannu, ya ga wadda aka gyara. Ya dunguri titin da sanda, ya taka, har ya sunkuya ya shinshina.

Daga nan ya ja Harisu gefe, ya tambaye shi ko man da ke tausasa abin da ya tsufa ya bushe zai yi wa gwiwa aiki. Harisu ya rantse na kwalta ne kawai. Baba ya ce yaran yanzu akwai rowa.

Ya bar ni a ɗakina, alhamdu lillahi. Amma bayan tafiyarsa muka ga babu jarka ɗaya. Yau Inna ta kira ni tana faɗa: Baba yana shafawa safe da yamma, yana ƙarnin kifi, kiyashi sun bi shi har tabarma, shi kuwa ya dage gwiwa ta fara saki.

Don Allah ki kira shi, ke yake jin maganarki. Ki gaida Alhaji da yara.

Ƙanwarki,
Haulatu.