Rigar da Na Wanke

Talata, 4 ga Maris
Sista ta asibiti ce ta ce in riƙa rubutawa. Na ce mata ni kaina ne littafina, shekara arba'in da shida ina wanki da guga ban taɓa ba wani wandon wani ba. Ta ce, "Baba, kotu ba ta karanta kai." To ga shi. Baƙaƙen nan a wuyan rigunan mutane na koye su, in sun karkace haka za su zauna.

Jiya da yamma 'yata Auta ta dawo daga shagon kayan ginin da take aiki, ko gaisuwa babu. Direban shagon ne. Ya rufe ta a sito. Sauran ba zan rubuta ba.

Ta shige banɗaki ta daɗe. Kayanta na yashe a bakin ƙofa, sai na ɗauka. Na jiƙa, na cuɗa sau uku, na ɗinke inda ya yage. Na ce kada ta tashi da safe ta gan su haka.

Yau a asibiti Sista ta tambayi kayan da Auta ta sa. Na miƙa mata a goge, a ninke. Ta daɗe tana kallonsu. Auta ta ce, "Baba, wankewa ka yi?" A hankali ta faɗa. Ashe shaida na wanke.

Laraba, 5 ga Maris
Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ina zan sani?

Alhamis, 6 ga Maris
Ni da farko cewa na yi mu rufa wa kanmu asiri, mu bar shi da Allah. Auta ta ce akwai wasu mata biyu a shagon, kuma makullin sito yana aljihun direban har yanzu. Taurin kan nan ba na uwarta ba ne, Allah ya jiƙanta. Na san inda ta samo shi.

Mun je wurin 'yan sanda. Wani a kanta ya sa ta faɗa, mutane na wucewa ta bayanta. Daga nan aka kai mu wurin wata 'yar sanda, ta sake faɗa daga farko. Matar ba ta da laifi, ta ba ta ruwa, ta rufe ƙofa. Amma karin gugar wandonta biyu ne, wanda ya yi mata guga ya cuce ta. Ta ce sai mun kawo takardar likita.

Asabar, 8 ga Maris
Asibiti sun ce ba sa sakin takardar likita sai 'yan sanda sun rubuto suna nema. 'Yan sanda sun ce asibiti ne za su aiko. Na taka hanyar nan sau huɗu.

Talata, 11 ga Maris
Ofishin jin daɗin jama'a. Wata mata mai jaka kamar buhu, komai a ciki, har man zafi ta ciro mini don gwiwata. Ta sa Auta ta faɗa. Na huɗu ke nan, in an haɗa da Sista. Ta ce saura lauyar gwamnati.

A hanya Auta ta tsaya jikin wani bango ta yi amai. Ta ce, "Baba, na gama. Duk faɗa ɗaya kamar an sake yi ne. Ba zan ƙara ba."

Na goge mata baki da hannun rigata kamar tana shekara uku.

Laraba, 12 ga Maris
Ba ta fito daga ɗaki ba. Na ajiye mata shayi a ƙofa, na ɗauke shi da sanyinsa.

In ta bari, an bar shi ke nan. Riga kuwa ni na kashe bakinta. Abin da ya rage shi ne bakin Auta.

Alhamis, 13 ga Maris
Na koma wurin Mai Jaka ni kaɗai. Na ce, 'yar nan, ku huɗu ne, me zai hana ku zauna wuri ɗaya yarinya ta faɗa sau ɗaya? Ta yi dogon numfashi. Wai akwai takarda ma da duk suka sa hannu a kan haka tun bara. Na ce to? Ta ce kowa jira yake ɗaya ya kira.

Na ce in ni ne da masu kawo mini wanki, ba na tambayar mutum yaushe zai zo. Cewa nake Alhamis ƙarfe goma, kuma ya zo.

Ta yi dariya. Ta ɗauka wasa nake.

Litinin, 17 ga Maris
Allah ya yafe mini. Na gaya wa Sista 'yar sanda ta yarda za ta zo ɗakinta na asibiti Alhamis ƙarfe goma. Na gaya wa 'yar sanda Sista da lauya sun riga sun yarda, ita kaɗai ake jira. Lauya ce ta wahalar da ni. Tun safe nake kan bencinta har aka tashi, masinja ya kore ni sau biyu, na ce masa ni wanki na saba jira ya bushe. Da ta fito na karanto mata da ka: ranar kaza wane ya ce kaza, ranar kaza aka mayar da mu. Ta tsaya da makullin mota a hannu. Ta ce, "Baba, wa ya turo ka?" Na ce gwiwoyina.

Talata, 18 ga Maris
Asirina ya tonu, sun yi waya da juna. Sista ta tare ni a baranda, hannu a ƙugu: "Tsoho da kai, da furfura!" Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Kada ku makara."

Saura Auta. Na zauna a ƙofar ɗakinta na yi magana da katako. Na ce sau ɗaya ne, duk suna wuri guda, in kin ƙi ma ke 'yata ce. Na ce kuma rigar nan, ki yafe mini. Ban taɓa neman gafarar ɗan da na haifa ba sai yau.

Can ta ce, "Baba, tashi daga siminti, gwiwarka."

Alhamis, 20 ga Maris
Ta sa kaya da kanta.

Ɗakin Sista ƙarami ne, sai da aka aro kujeru biyu. Duk sun zo, lauya ta makara da minti ashirin. Na miƙe zan shiga, Auta ta dafa ƙirjina. "Kai tsaya nan." Ni da ba abin da ya taɓa faruwa a gidanmu ban ji da kunnena na adana ba. Ranar da ta fara tafiya, ranar da haƙorinta ya fita, duk suna nan a kaina. Na koma benci.

Awa ɗaya da rabi. Ban kasa kunne ba. Na matsa ma can ƙarshen benci.

Da suka buɗe, 'yar sanda ta kira ni. Wai in faɗi abin da na gani a rigar kafin in wanke. Na faɗa: yagewa daga wuya zuwa kafaɗar hagu, maɓalli biyu babu, baƙin man mota a baya, shatin yatsu huɗu, garin siminti a gwiwar siket. Lauya ta ce bai kai rigar ba, amma ba banza ba ne. Sista ta sa hannu a takardarta a nan take ta tura wa 'yar sanda ta kan tebur. Tafiyar da na yi ta kwana goma sha huɗu, tsawon hannu ce.

Asabar, 22 ga Maris
'Yan sanda sun ɗauke direban daga shagon. Lauya ta ce shari'a doguwa ce, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Mai Jaka ta ce duk ranar da za a shiga kotu tana gefen Auta.

Auta ta cinye abincinta, ta ce gishiri ya yi yawa. Ya yi yawa ɗin.

Lahadi, 30 ga Maris
Mai Jaka ta haɗa Auta da wata mata da suke zama suna magana duk Lahadi. Abin da suke faɗa ban sani ba. Ban tambaya ba.

Yau Auta ta ce ita kaɗai za ta je. Na ce to. Na ce to ɗin da gaske.

Na fita bayanta ne kawai don gawayin guga ya ƙare. Daidai kwanar mai gyaran keke ta waiwayo ta gan ni, ta ɗaga mini yatsa. Na tsaya a nan. Ta sha kwana.

Gawayin na nan rabin buhu.