Wace ce Balaraba, Baba?

Baba,

Sallama irin ta 'ya da mahaifi. Na san ba za ka karanta ba, amma wa zan tambaya in ba kai ba?

Gida lafiya. Inna tana takaba, ta rame. Isufu ya karɓi kamyonka, babbar motar kayan nan, yana yin Malanbil da Kamba kamar yadda ka saba.

Ran sadakar uku wata budurwa ta zo daga Kamba, can Najeriya. Ba wanda ya san ta. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinka tana kuka, tana ta faɗin Dadi, Dadi. Wallahi kukanta ya fi nawa, abin ya ba ni haushi. Mu Baba muke ce maka, 'yan lakwal masu boko su ce Papa. Wannan Dadin daga ina?

Na tambayi Hajiya mai atamfa, tunda ta daɗe a Najeriya. Ta ce Turanci ne, uba ke nan, amma a can ko dattijon da ya taimake ka sai ka kira shi haka, kada in sa wa raina komai. To, na ji. Amma dattijon kawai ake ƙetaro iyaka a yi wa irin wannan kuka? Kuma me ya sa Baffa Sani ya sunkuyar da kai da ya gan ta?

Ga abin da na ɓoye wa kowa: na buɗe wayar salularka, na duba sunayen da ke ciki. Ka yafe mini. Kai ba ka taɓa kiran ɗanka da sunan yanka ba, sai da ranar haihuwarsa. Ga ni Talatu, ga Isufu Ɗanjuma, ga Asabe ƙanwarmu. A tsakaninmu kuma ga Balaraba, da lambar Najeriya. Baba, mu ba mu da Balaraba.

Duk shekarun da kake cewa duwan, masu kwastan, ne suka tsare ka a Kamba kwana biyu, su ne kuwa? In 'yar'uwata ce, ta yaya zan dubi Inna in faɗa? In na yi shiru kuma, na raba marainiya da danginta.

Jiya da hantsi na danna lambar da wayarka. Bugu ɗaya ta ɗauka, ta ce Dadi. Na kashe. Ta sake kira har sau huɗu, ina riƙe da wayar ina kallon sunan.

Ina fushi da kai, ina kuma kewarka. Allah ya haskaka kabarinka. In ta sake kira, zan ɗauka.

'Yarka, wadda ta zaci ita ce ta fari,
Talatu