Goruna Bakwai a Mashigin Marke

Bukkuyum,
20 ga Agusta, 2008.

Zuwa ga autana Zayyad,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zinatu da maigidana Khalifa. Yaya Kaduna, yaya aiki? Mu nan lafiya, sai ƙafar nan da ka sani.

Takardarka ta iso ta hannun direba. Na ji daɗi da za ku yi Sallah a gida. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne shafi na biyu, inda ka ce za ka kai Khalifa mashigin Marke ka tsallaka da shi zuwa dutsen tsakiyar gulbi, ya kama kifinsa na farko, kamar yadda kuke shigar da sabon yaro Ƙungiyar 'Yan Fatsa. Zayyad, kana da shekara talatin da biyu. Ashe har yanzu wannan ƙungiyar ba ta fita kanka ba?

Ni dai ban manta ta ba. Ku bakwai ne, Yahaya ɗan Tasalla ne shugabanku. Kun tone mini gefen randa neman tana, kun yi latti a makarantar allo, kun dawo da wando a jiƙe kuna rantsuwa ruwan sama ne. Har doka kuka yi, wai abin da ya faru a gulbi ba ya hawa tudu. Ma'anarta a ɓoye wa iyaye, kuma yaron da ya saba ɓoye wa uwarsa yana haƙa wa kansa rami ne. Shi ya sa na tattara gorunan fatsarku ranar da ɗayanku Mu'azu ya sha ruwa har ya suma, na ce muku na ƙone su. Ban yi nadama ba.

Kuma gulbin ba yadda ka bar shi yake ba. Tasalla ta ce da rani masu neman zinari sun yi ta tonon yashi a cikinsa. Ka kawo mini jikana ya ci tuwo, ba gulbi ba.

Ka gaida Zinatu. Ka riƙe salla.

Innarka,
Habsu.

Bukkuyum,
12 ga Satumba, 2008.

Zayyad,

Assalamu alaikum. Yaya azumi, yaya iyali? Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Yahaya rasuwa ranar Talata. Bayan la'asar ya ɗauki fatsarsa ya ce wa matarsa bari ya samo tarwaɗar buɗa-baki. Masu wanki sun gan shi ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga ta gindin marke, ya nufi dutsen nan naku. Sun ce ko ƙasa bai duba ba, yana tafe yana gyara ƙugiya. Taku goma sha wani abu, sai ya nutse a tsaye, hularsa ta tafi da ruwa. Sai washegari Ɗanmusa masunci ya fito da shi.

Ka san a cikinku babu wanda ya kai Yahaya iyo. Bai taɓa barin garin nan ba. Sanin mashigin ne ya kashe shi, don baƙo da ya nemi sanda ya dogara.

Jiya na je wurin da kaina, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Marken na nan, har da sunayenku da kuka sassaƙa a jikinsa. Dutsen na nan. Ruwan ya fara ja baya, ja wur da shi, lumui, daidai yadda kuke son sa. Wallahi abin da ya fi ba ni tsoro ke nan: babu abin da ya canza a ido. Da na ga ɓarna da hankalina ya ɗan kwanta, don kai ma za ka gan ta.

Ɗanmusa ya yi mini bayani. Da gulbi ya ƙafe, masu zinari sun haƙa ramuka a kan hanyar mashigin, kowanne ya fi tsayin mutum biyu, suka kwashe yashin suka wanke, suka tafi ba su cike ba. Da damina ruwa ya zuba musu laka mai laushi. Ƙafa ta taka ta ji kamar ƙasa, sai ta wuce, lakar ta riƙe. Ya ce shi ya ƙirga su tun suna buɗe: takwas ne.

Tasalla kullum cikin kuka take. Ni kuma tun ranar, in na rufe ido cikin salla, hular nan nake gani a kan ruwa, amma taka ce, ga Khalifa a wuyanka. Allah ya gafarta mini.

Ka rubuto ka ce ka fasa. Ba roƙo nake ba, umarni ne.

Innarka,
Habsu.

Bukkuyum,
26 ga Satumba, 2008.

Ɗana Zayyad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da goman ƙarshe, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina fata Khalifa ya warke daga murar.

Ban ga amsarka ba. Sau uku ina zuwa wurin mai wayar kasuwa. Da layin ya shiga ka ce mini “to, Inna”, kuma na san wannan “to” ɗin tun kana ɗan shekara tara. Zinatu ce ta gaya mini gaskiya, kada ka yi mata faɗa. Ta ce ka yi kuka, sannan ka ce yanzu ma ya zama dole ka hau dutsen ka yi wa Yahaya addu'a, kai da Khalifa. Ta ce ka ce ka san mashigin kamar tafin hannunka, kuma za ka sauka a mararraba ka bi ta gulbi kafin ka shigo gida, ba za ka faɗi ranar ba don kada in hana.

Na yi fushi kwana biyu. A na uku na gane wanda ya koya maka wannan. Duk abin da ka kawo mini kana yaro, da bulala na karɓe shi, sai ka koyi kewaye ni. Na hana ka gulbi, ban taɓa tambayarka abin da kake so a cikinsa ba. Yanzu ga ranar da maganata gaskiya ce tsantsa, amma kunnenka ya saba da ita.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ban ƙone gorunan ba. Na kai su bakin murhu, na ga yadda kowa ya ɗaure nasa da zare mai launi, na kasa. Na soke su a rufin madafa, hayaƙi ya tsare su daga gara. Shekaranjiya na sauko da su, na yayyaga jan zanena na ɗaura wa kowanne ƙyalle. Ɗanmusa ya ɗauke ni a kwalekwalensa, ni da ban taɓa shiga ruwa ba. Yana lalube da sanda, inda ta wuce sai ya kafa gora a bakin ramin. Na Yahaya mun kafa shi inda ya nutse. Naka mai koren zare shi ne na kusa da dutse.

In ka ga jan ƙyalle, mutuwa ce a ƙarƙashinsa. Ina tsoron ruwa ya tumɓuke wani, ina tsoron yara su zare, ban san ko za su kai Sallah ba.

Kuma goruna bakwai ne, ramuka takwas. Na takwas yana gindin marke, taku uku daga gaɓa, dab da inda kuke shiga; Allah ne ya sa Yahaya ya wuce shi bai taka ba. Ba ni da abin kafawa a can. Saboda haka tun daga ranar, kullum bayan asuba nake shimfiɗa tabarmata a bakin gaɓar, da azumina da ƙafar nan, sai magariba in tashi. Tun da ba za ka faɗi ranar ba, kowace rana taka ce. Ba zan ɗaga maka murya ba. Ka zo mu yi wa Yahaya addu'a daga tudu, Allah na ji daga nan ma. In kuwa sai ka shiga, to ka miƙo mini Khalifa, sannan ka tsallake ni.

Allah ya kawo ku lafiya.

Innarka da ke jira,
Habsu.