Kar Ki Wanke Munduwar Inna

Roni, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanenmu na Kumasi. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, an yanke gero, saura dawa. Ɗana Ukasha ya faɗi da babur a hanyar Kazaure, amma ƙujewa ce kawai. Na rubuto ne don a waya ba kya ji, sai dai ki yi ta cewa na'am.

Sa'a, na yi ɓarna, har yau jikina bai dawo daidai ba. Kin san Nafisat 'yar Ukasha, mai karatu a jami'a a Kano. Ashe tsofaffin ƙarafa take karanta, tana aiki da gidan ajiye kayan tarihi. Wai akwai mundaye jibge a can, ba wanda ya san masu su. Da ta ga munduwar tagullar nan ta Inna a ƙasan adakata, sai ta rikice, wai irinsu ce sak, kuma tamu an san gidan da ta fito. Shekara biyu tana rubutu a kan abin nan. Ta ce ranar Asabar za ta zo da malaminta su ɗauka a auna, kar in taɓa komai. Ni na ɗauka nauyin sa ni aiki take ji.

To ke ki faɗa min, baƙo zai zo tun daga Kano, in miƙa masa abu kore shar, cikinsa cushe da baƙar ƙasa? A ce gidan wa? Na jiƙa tsamiya, na kawo toka da yashi, kwana biyu ina dirza. Ƙasar cikin ta ƙi fita, na sa basilla na ƙwaƙule ta tas. Munduwa ta fito tana ƙyalli kamar ta amarya, har na ɗora ta a faranti.

Da malamin ya gani, Dakta Musaddiƙ sunansa, sai ya yi salati ya zauna a kan turmi. Babban mutum mai furfura. Furar da na dama ko kallonta bai yi ba. Da ƙyar ya tambaye ni ina ƙasar cikin. Na ce tana makwarara. Nan ya yi min bayani da ladabi, wai ba datti ba ce, yumɓun da maƙerin ya yi zubi a kansa ne tun ranar da aka ƙera ta. Na'urarsu za ta iya faɗin abin da aka gauraya a tagullar, amma shekarunta da inda aka yi ta, a ƙasar cikin nata ake gani. Ya ce mai yiwuwa ta girmi kakar kakarmu nesa ba kusa ba. Abin da ya zauna duk shekarun nan, ni na gama da shi a kwana biyu.

Nafisat kuwa ta miƙe ta bar wurin. Sai na gan ta durƙushe a bakin makwarara da cokali tana tono, ga shi an yi ruwa, kaji sun barbaje wurin. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ga dalilin takardar. Mundayen biyu ne, da aka raba kayan Inna ke kika tafi da ɗayar. Na san ki, tukunyar da kike ci a ciki ma sai an yi faɗa kike wankewa, balle munduwa. Idan tana nan, kar ki wanke, kar ki goge, kar ki hura. Ki naɗe ta a tsumma ki ba Ɗayyabu mai goro in zai taho Kano. Kafin Mauludi Nafisat za ta miƙa aikinta, in babu ƙasar, shekara biyun sun tafi a banza. Ban gaya mata ba tukuna, kar in sa mata rai. In kin sayar, ko tsafta ta kama ki da tsufa, ki faɗa min gaskiya kai tsaye.

Ki gaishe da Malam, da Mu'minat da mijinta, da Zaharadeen. Ukasha yana gaishe ki. Ki tashi ki duba adakarki yanzu, kar ki ce sai gobe.

Ni ce yayarki,
Ma'u