Bam a Ofishin Manaja

Talata, 11 ga Maris, 1986, Panshekara

Yau na gwanance da wasan jirgin yaƙi na kwamfutar manaja: in yi sama, in kawo sura kamar shaho, in saki bam kafin in ɗago. Na san ƙarar tana firgita Baba Ilu masinja, tunda jirgi ya kashe abokansa a yaƙin basasa. Yana shigowa da shayi na ƙure ta da gangan. Ya saki tiren, ya shige ƙarƙashin tebur yana salati. Muka yi ta dariya.

Da ya fito yana tsince fasassun kofuna ya ce, "Malam Habu, na gasken ba ya jira ka ɓuya."

Ban ba shi haƙuri ba. Manaja ya ce gobe in maimaita wa baƙinsa, na ce to.