Cokalinka da Kafaɗata

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau, jikokinka suna gaishe ka.

Tunda ka daina ɗaukar wayata, na koma takarda. Auta, ke za ki karanta masa, kuma ki ji tsoron Allah, kar ki tsallake min layi don gudun faɗa. In ya ce ki yi shiru, ki bari ya huce ki ɗora.

Baba, labarin da ya iso maka gaskiya ne, injin feshin filasta nake nema. Kawu, da yake tare muke aiki, ya kawo min saƙonka bai rage komai ba: wai duk wanda ya ajiye cokalin gini ya ɗauki tiyo ya tashi daga magini ya koma mai ban ruwan lambu, kuma ranar da inji ya shigo shagonmu in goge sunanka daga allon shagon. Na farkon ya ba ni dariya, don zagin ya yi daɗi. Na biyun ya yi min ciwo ƙwarai.

Amma ka ji ta bakina. Likita ya ɗauki hoton kafaɗata, ya nuna min inda jijiyar ta fara yagewa. Ya ce in na ci gaba da jifan bango da kwaɓi daga safe zuwa yamma, watarana hannun zai ƙi tashi. Wannan sana'ar kaɗai na iya, kai ka koya min, kuma ba inda zan je in bar ta.

Na zaga shaguna har na gaji. An fara nuna min wani ƙarami mai kwando, ka ɗebo kwaɓi ka riƙe shi sama, iska tana fesawa. Na ɗaga shi cike, nan take kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba. Sai mai shagon ya ja ni wurin wani ƙato mai ƙyalli, yana ta zuba min surutu kamar an kunna famfo. Ashe sai da wuta mai layi uku yake tashi, kuma ba ya cin kwaɓinmu, sai garin da ake sayarwa a buhu. Wane kango ne yake da irin wannan wutar? Ko ƙofar ɗaki ba zai shige ba. Ɗan kwangilar da muke yi wa aiki shi ya nace in saya, don ya ga irinsa a waya. Na ce masa ai ba shi zai ja shi zuwa bene ba.

Ban sayi komai ba tukuna, amma zan saya. Na gaya maka ne don kar ka ji a bakin wani. A gaishe min da Inna.

Ɗanka,
Mai Kunnen Ƙashi, kamar yadda kake kirana

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi, Allah ya ƙara muku lafiya.

Na saya. Matsakaici ne mai taya, yana shiga ƙofa, janaretanmu yana ɗaukarsa, kuma yana cin siminti da yashi irin namu muddin an tace yashin da rariya. Tiyonsa yana kaiwa hawa na biyu. Kafin in amince sai da na sa mai shagon ya nuna min robar cikinsa da take saurin cinyewa, na ga da idona yana da ita a ajiye. Sannan na ce sai an gwada shi a bango na gaske, da kwaɓin da leburanmu Dogo ya kwaɓa. Mutumin ya ɓata rai, wai ba a taɓa yi masa haka ba. Na ce to yau an fara.

Na san Kawu ya riga ni kawo labarin ranar farko, har da ƙarin gishiri. Eh, an yi abin. Da safe mun fesa falo guda kafin rana ta yi zafi, Bahago abokin aikina yana bina da katako yana shafewa, har yana waƙa. Da lokacin abinci ya yi, sai kowa ya ajiye abin hannunsa kamar yadda muka saba. Ka san mu, in kwaɓi ya fara ƙarfi a kwano sai a yayyafa ruwa a juya, shi ke nan. Babu wanda ya tuna akwai kwaɓi cike a cikin tiyo, kwance a rana. Muna dawowa muka tarar ya sandare. Haka muka wuni muna dukansa da guduma muna zura ƙarfe, masu aikin wuta suna leƙowa ta taga suna dariya. Tiyon bai tashi ba, sai da na sake wani.

An ce ka yi dariya har da hawaye, ka ce ai dama ka faɗa. To, Baba, na ji daɗi da na sa ka dariya, an daɗe ba a ji ta ba. Amma in kana jiran in mayar da injin, za ka daɗe kana jira. Yanzu ko ruwa ba ma sha sai an wanke tiyo tas, kuma Kawu da bakinsa yake tuna mana, shi da ya rantse ba zai taɓa shi ba. Ban sallami kowa ba. Ana tace yashi, ana kwaɓawa, ana shafewa, ana gyara kusurwa da cokali kamar da. Jifan kawai aka ɗauke min.

Auta, ki maimaita masa layin Kawu sau biyu.

Ɗanka da bai daina gaishe ka ba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya jiki? Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai.

Saƙonka ya iso, kuma na cika umarni. Jiya na hau tsani da fenti na goge laƙabinka, Mai Cokali, daga allo. Ban sa kowa ba, ni na yi da hannuna. Maƙwabta suka taru suna tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, yana nan da ransa, fushi yake yi. Da na sauko na shiga ciki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro. Sunanka ne, kana da iko da shi. Injin kuwa yana nan, gobe ma zai yi aiki.

Auta, ki daure ki karanta abin da ke tafe.

Baba, kowa a gidan nan yana tsoron faɗa, ni zan faɗa. Zuwana na ƙarshe na tsaya a bakin ƙofarka ba ka gan ni ba. Inna tana sa maka riga. Ta kama hannunka na dama tana ɗagawa a hankali, kana cije leɓe, ya kai rabi ya tsaya. Da ka fito ka ce mana sanyi ne. Ba sanyi ba ne, Baba, cokali ne. Hannun da ya yi wa rabin unguwa filasta yau ba ya kai loma baki sai ka sunkuya. Ka ba sana'ar nan kafaɗarka, kana so in ba ta tawa don a ce na gaje ka. Ba zan bayar ba. Ka yi fushi da ni iya son ranka, na ɗauka.

Ina nan zuwa ƙarshen mako. Ka zage ni a gaban kowa, ba zan ɗaga kai ba. Amma ka gaya wa Inna ta huta ranar, ita ma ƙarfinta ya ƙare. Ni zan sa maka riga, kuma zan ci gaba da sa maka muddin kana raye, don haka dole hannuna ya riƙa tashi.

Ka yafe min ko kar ka yafe, ina zuwa.

Ɗanka