Ɗorawar Inna

Litinin, 30 ga Maris, 2020

An rufe makaranta saboda korona, ga ni zaune a gida kamar kazar da aka ɗaure. Nu'uman ƙanena ya dawo daga Kaduna da matarsa Zulaiha da yara huɗu, tunda an hana acaba. Ko sannu da zuwa ban gama yi ba ya fara tambayar kuɗin buhun gawayi a kasuwa. Raina bai so tambayar ba.

Asabar, 4 ga Afrilu

Ashe da walakin goro a miya. Ɗorawar Inna yake so ya sare ya ƙona gawayi. Wai gonar tasa ce. Gona tasa ce, ban musa ba, amma bishiyar ni Inna ta bar wa, a gaban mutane ta faɗa, kuma garin nan kowa ya san gona daban, itacen da ke cikinta daban. Da kalwar bishiyar nan ta yi daddawar da ta sa shi makarantar da ya gudu. Ya ce daji ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, balle ya nemo busasshen itace. Na ce to ya ci kansa.

Laraba, 8 ga Afrilu



Na je gona duba ko 'ya'yan sun bushe, na tarar an sassaƙe ɓawon gindin, rabin zagaye, fari fat, ruwan jikinta na tsiyaya. Dabarar masu gawayi ce: a kewaye gindi, bishiya ta mutu a tsaye, sai a ce ai busasshiya aka sare. Gatarin Baba ma ya yi amfani da shi, na gane saransa. Da ban zo yau ba da gobe ya ƙarasa.

Na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe wurin, na naɗe da tsohon zanena. Na wuce gidansa na zazzage masa abin da ke cikina, maƙwabta na leƙe. Ko ɗago kai bai yi ba. Zulaiha ce kawai ke cewa Yaya ki yi haƙuri. Haƙurin me?

Alhamis, 9 ga Afrilu

Ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Talata, 14 ga Afrilu

Na kai ƙara wurin Kawu Mainasara. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce bishiya tawa ce, Nu'uman ya yi laifi, amma ko na san yaran nan jiya kunun dusa suka sha? Kawu ke nan, ya ba ka gaskiya da dama ya karɓe da hagu. Na ce ni ma ba albashi nake ci ba, makarantar kuɗi ce, ba ɗalibi ba biya. Bishiyar da ta shekara sittin tana ciyar da gida, a mayar da ita gawayin sati biyu? In ya ƙare kuma sai a sare wa?

Lahadi, 26 ga Afrilu

Azumi na uku. Na kaɗe ɗorawa kaf, ni kaɗai da ƙugiya, wuyana kamar zai karye. Ta yi 'ya'ya sosai, abin haushi. Ban aika musu ko kwano ɗaya na gari ba. Na san Inna da ta aika.

Juma'a, 8 ga Mayu

Babu sallar Juma'a yau ma. Na ɗora tukunyar kalwa tun safe. Dafa kalwa cin itace gare shi, wuni guda wuta ba ta mutuwa, don haka na sayi kaya biyu wurin Rachel, matar nan ta ƙauyen Gayam mai tallan itace. Da araha ta ba ni, har ina murna. Ina tura itace na uku a murhu na ga ɓawon. Ɗorawa ce, ko gama bushewa ba ta yi ba.

Da ta dawo karɓar igiyarta na tambaye ta. Ta ce ta surukarta ce, mijinta ya sare bayan an hana su zuwa gona. Ta ce, “Malama, mun yi kuka ranar. Amma yara ba sa cin inuwa.”

Ban kashe wutar ba. Kalwa ta riga ta ɗau zafi, in na sauke ta lalace. Na ƙone itacen nan tas, ina zagin mijin Rachel, ina zagin Nu'uman, ina zagin korona. Akwai wadda ban zaga ba: mai tura itacen a murhu.

Laraba, 13 ga Mayu

Na kira Zulaiha ta taya ni wankin kalwa, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba don komai ba. Hannunta da sauri. Ta rame ƙwarai. Na ce ta tafi da garin ɗorawa tunda yana cika mini ɗaki.

Alhamis, 11 ga Yuni

Ruwa ya zauna. Ganye ya cika bishiyar, sai babban reshe ɗaya ta ɓangaren ciwon, ya bushe ƙayau. In aka bar shi zai faɗo kan masarar Nu'uman, kuma ni za a zaga. Shi ya sa na aika ya zo da gatari.

Na tsaya a ƙasa na nuna masa iyaka da kara: daga nan zuwa nan. Bai wuce ba. Ya sauko yana haki, ya tsaya yana kallon tsumman da na ɗaure gindin da shi. Ya ce, “Yaya, buhu biyu ne wannan. In ya ƙare, yaran suka koma kwana haka fa?”

Na ce, “Ka turo su gidana.”

Ban huce ba, kada ma ya ɗauka na huce. Na dawo na leƙa rumbu. Dawar da ta rage ba za ta kai ni kaka ba ko ni kaɗai ce. Na dai auna da ƙarin mutum shida a tuwon yamma.